Littafin Daren Alhamis

A kasuwar Garwa, layin 'yan gishiri,
inda iskar Binuwai ke shigowa da ƙarnin kifi,
nan Baba ya shekara talatin
ba alƙalami, ba takarda.
Bashin mutum arba'in yana cikin kansa
kamar goro a huhu, kowanne da ganyensa.
In ka tambaye shi ribar wata,
sai ya shafa aljihu ya ce, "Mun gode Allah."

Kuɗin shago da kuɗin cefane
gwangwani ɗaya suke kwana.
Baffa Sambo ya ɗiba ya sayi tayar babur,
ni in ɗiba in yi aski,
Inna ta aiko yaro a ba da na daddawa.
Ba wanda ya yi sata.
Tulu ne dai ke tsiyaya, ba mu ga hudar ba.

Sai shekarar da Baba ya kwanta,
hawan jini ya ɗaure masa harshe wata biyu.
Mai motar Gaundare ya zo da 'yar takarda:
buhu saba'in, in ji shi, ba a biya ba.
Muka dubi juna.
Littafinmu na gadon asibiti, ba ya magana.

Zulai ce, autarmu,
ta sayo littafi mai baƙin bango, dala ɗari,
ta ja layi uku da gefen kwali:
abin da ya shigo, abin da ya fita,
da wanda ya taɓa.
Na ukun nan shi ya ɓata zumunci.

Baffa ya dangwarar da makulli a kan sikeli.
"Ni da na kama ƙafar ragon sunanki,
yau ni zan sa hannu don jaka biyu?"
Kwana tara ba mu ga ƙeyarsa ba.
Zulai ba ta ba shi haƙuri ba,
ba ta kuma yage shafin ba.
Da kanta ta fara: Zulai, sabulu, dala sittin.
Ni ma na rubuta kuɗin askina
ina jin kunya kamar an kama ni a rumbu.

Daren Alhamis muka ware.
A ja ƙofa, a kunna fitila,
ni in ƙirga buhu, ita ta ƙirga kuɗi,
sannan mu yi musaya, kowa ya bi sawun kowa.
Rana ta goma Baffa ya leƙo,
wai butarsa ya manta.
Ya tsaya a bayana yana huci.
"Ka tsallake na lungu," ya ce.
Tun daga nan makulli na biyu a wuyansa yake.

Baba ya dawo da sanda.
Wata uku a jere buhu ɗaya na ɓacewa,
har muka fara hararar Buba, yaron shago.
Ran nan Baba ya daɗe yana duban fitila.
"Ku bar yaro.
Na gidan marigayi Hamajoda ne,
shi ya ɗora mini jarin farko.
Shekara sha tara ina aikawa,
ko uwarku ba ta sani ba."

Zulai ta ɗauki kwalinta, ta ja layi na huɗu.
"Me za a kira shi?"
Ya karɓi biron, hannunsa na rawa,
ya rubuta da ajami: amana.
"A sa adadi," ya ce, "kada a sa suna."

Littafi na sha ɗaya muke ciki yanzu,
tsofaffin na cikin akwatin ƙarfe, saboda gara.
Jiya sabon yaronmu ya tambayi Baffa,
wai tun yaushe ake wannan ƙirga ta dare?
Baffa bai ko ɗaga kai daga shafin ba.
"Haka muka gada," ya ce.
Zulai ta kalle ni, ta ci gaba da jera silalla.